Gargaɗi Ga Masu Tsofaffin Gidajen Gandu: A Duba Soro Da Gindin Bango Kafin Ruwa Ya Zauna

Jama'a, a saurara. Wannan kira ne na gaggawa ga duk mai tsohon gidan ƙasa a karkara, ko yana zaune a ciki, ko ya koma birni ya bar iyaye da ƙananan yara. Kira ne ga magadan da suka yi tarayya a gida ɗaya kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara gyara, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai. Bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa. 'Yan makonnin da suka rage kafin ruwa ya zauna su ne damar ƙarshe ta gyaran ginin ƙasa a bana, domin yaɓen da aka yi cikin marka ba ya kamawa, ruwan dare ɗaya ke wanke shi.

Saƙon abu uku ne. A hau soro a duba shi tun yau. Kada a shafa wa bangon ƙasa siminti. In kuwa an ga alamar faɗuwa, a fitar da mutane a ranar, kada a ce sai gobe.

Abin da ya riga ya faru

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Ginin shahararren maginin nan Babban Gwani ne, tun shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Bayanin da ya fito daga fada bayan nan ya nuna an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya auku, ana shirin kawo masu gyara ke nan ginin ya faɗi. A farkon Satumbar 2024 kuma, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. A ambaliyar 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a Najeriya, kuma cikin waɗanda aka rasa a Jigawa da maƙwabtanta akwai waɗanda ba ruwa ne ya tafi da su ba, ɗakin ƙasa ne ya faɗa musu.

Masallatan nan biyu a tsakiyar gari suke, kusa da fada, idon dubban mutane na kansu kullum. In tsagar kwana ɗaya ta isa ta kayar da ginin Babban Gwani, ina ga zauren da ke bayan gari, wanda ba mai shiga sai tsohuwa da jikokinta?

Gidan da ake magana a kai

Gidan gandu shi ne inda uba da 'ya'yansa maza da iyalansu ke zaune wuri ɗaya, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Fasalin ginin tsarin zaman yake bi. Zaure ne a gaba, inda baƙo ke sallama, maigida ke karɓar gaisuwa, yara ke karatun allo. Sai ƙofar gida, inda samari ke da ɗakunansu ake kuma ɗaure doki ko jaki. Sai shigifa, mai tare idon baƙo daga cikin gida. Can ciki ga turaka, ga ɗakunan mata, ga madafa, ga rijiya, ga rumbuna da rufewa bisa duwatsu don gudun danshi da gara. Ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, gida ya ƙara faɗi. Dattijon da ya san gidan zai iya zagayawa da kai ya lissafa maka zuriyar ɗaki bayan ɗaki.

Sarakuna ma sun yi nasu. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da Fanisau ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, gandaye suka kewaye ta, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Ɗorayi da Nasarawa gandayen sarki ne kafin birni ya haɗiye su. Hawan Fanisau da hawan Ɗorayi da ake yi a bukukuwan Sallah, ziyara ce ga waɗannan gidaje na bayan gari. A Nasarawar ne Gidan Ɗan Hausa yake, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909. A ƙasar Bauci, Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani, yana cikin gine-ginen farko da aka sa a jerin kayan tarihin Najeriya a 1956. Kada kuma a manta, da yawa cikin manyan gandayen nan rinji ne. Bayi suka kwaɓa ƙasarsu, su suka noma gonakinsu, ginin kuwa na cikin 'yan shaidun da suka rage na wahalar da suka sha.

Aikin kansa ba na wasa ba ne. Jar ƙasa ake haƙowa a jiƙa, a tattaka ta da ciyawa da kashin doki ko na jaki, a bar ta ta kwana biyu ta tsima. Daga ita ake mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya, a jera shi kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango kan fara da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi na azara ne, wato giginyar da aka tsaga, musamman namijinta, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaura ta gaɓa-gaɓa cikin ƙasa su fitar da bakan gizo da ɗaurin guga da tuluwa, har zaure ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. A sama a ɗora rawani da zankaye, a kafa indararo mai watsa ruwa nesa da bango. Sannan a kare jikin ginin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Wannan fasaha ce ta sa masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu da aka fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: a taɓa shi kowace shekara. A da gandu ke cika wannan sharaɗi. An gama girbi, hannaye sun yi yawa a gida, sai a yi gayya, maza na kwaɓi da yaɓe, mata na daɓe. Yau gandu ya watse, samari sun tafi ci-rani wasu ba su dawo ba, marinar ƙauye ta mutu balle a samu katsi, gwanayen magina kuma suna ƙarewa ba magada. Gidan na nan, hannun da ke riƙe da shi ne babu. Duk haɗarin da za a lissafa a ƙasa daga nan ya taso.

Abubuwan da ke kayar da gidan

Na farko, kuma mafi yaudara, siminti ne. Mutum ya samu kuɗi a birni, ya so ya huta da yaɓen shekara-shekara, sai ya sa a shafe gidan mahaifinsa da siminti a yi fenti. Niyya mai kyau ce, amma aikin ɓarna ne. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe da iska, rana ta fito ya fitar da shi ta jikinsa. Siminti na toshe wannan mafita. Ga shi kuma ba ya kama ƙasa da gaske, ba ya miƙewa ko tsukewa tare da ita in zafi da sanyi sun sauya, don haka ba ya daɗewa sai ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna yana jiƙa tubali. Kamar a naɗe gyambo da leda ne, waje fes, ciki na ruɓewa. Yaɓen ƙasa in ya zaizaye kowa na gani a gyara. Wanda ke bayan siminti ba a ganinsa sai ranar da bangon ya zube gaba ɗaya.

Na biyu, ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. An cike titi ko lungu har ya fi daɓen gida tudu, an toshe wuriya da shara, an haƙa masai ko kwatami jikin katanga, an ɗaure tumaki a gindin bango fitsarinsu na cin ƙasa, ko kududdufin da aka ɗebi ƙasar ginin daga cikinsa ya yi ta faɗaɗa har ya iso tushe. Da zarar gindi ya jiƙe ya yi laushi, nauyin da ke sama ne zai ƙarasa aikin.

Na uku, nauyin soro. Wasu duk shekara ƙasa suke ƙarawa a kan ta bara ba tare da kankare tsohuwar ba. A yi lissafi: ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, in kaurin ƙasar rufinsa santimita 20 ne, abin da ke bisa kan masu barci ya kai tan 5, wato buhu 50 masu kilo 100, tun ƙasar na bushe. In indararo ya toshe ruwa ya kwanta, nauyin ya ƙaru, kan azarar da ke binne cikin bango kuma ya fara ruɓewa a inda ido ba ya kaiwa. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙasar rufi ma, in ta yage, tara ruwa take yi wuri guda.

Na huɗu, gyaran rabi da rabi. A ɗora bulo a kan tsohon bangon ƙasa don ƙara tsayi. A fasa sabuwar ƙofa ko babbar taga a jikin bangon da ke ɗauke da baka. A sa kwano gajere wanda ba ya leƙowa waje, ruwansa na zuba kan bango kai tsaye. Kowanne cikin waɗannan na iya kayar da ɗakin da ya shekara ɗari lafiya.

Na biyar, ɗakin da aka kulle aka tafi. Ba mai ganin ɗigarsa, ba mai ganin hanyar gara. In ya faɗi kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja bangon da ya haɗa shi da ɗakin da mutane ke kwana.

Alamomin da in an gani a fita nan take

1. Tsagar da ke ƙara buɗewa, musamman a kusurwa, ko saman ƙofa, ko inda baka ya sauka kan bango. A shafa mata ɗan yaɓe a duba da safe. In ya sake tsagewa, ginin motsi yake yi.
2. Ƙasa ko ɓurɓushin itace na zubowa daga rufi ba wanda ya taɓa.
3. Azara ta lanƙwasa, ko rufi ya yi ciki ta tsakiya.
4. Bango ya kumbura, ko ya karkata, ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa.
5. Ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa.
6. Gindin bango ya yi laushi har yatsa na shiga, ko shafen siminti na amsa kogo in an ƙwanƙwasa.
7. Ƙarar ƙas-ƙas daga rufi, musamman cikin dare bayan ruwa.

Ko ɗaya aka gani, a kwashe yara da tsofaffi da marasa lafiya tukuna, kaya daga baya. Gara kwana a rumfa ko gidan maƙwabci da kwana ƙarƙashin rufin da ake shakka. Kada kowa ya hau jiƙaƙƙen soro da ya nuna alama. Kada a koma ɗauko kuɗi ko akuya ana cikin ruwa. In an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a ƙara sa ido ko da ya ɗauke, domin ginin ƙasa kan faɗi bayan an ɗauka haɗari ya wuce.

In kuwa ƙaddara ta auku, a yi kururuwar neman agaji, a kira 112 a Najeriya ko 18 a Nijar inda waya ke shiga. A yanke wutar lantarki in akwai. Kada taro ya hau kan ɓaraguzai, nauyinsu na ƙara danne wanda ke ƙasa. A riƙa yin shiru ana saurare, a fara tono ta wajen shimfiɗa, da hannu da ƙaramar fartanya, wani kuma ya tsaya yana lura da sauran bangon da bai faɗi ba.

Aikin da za a yi a makonnin nan

A nemo tsohon magini na ƙasa, ba mai aikin bulo kaɗai ba. In babu a garin, a tambayi gidan sarkin magina na gunduma. A share soro, a cire ciyawa da ƙasar da iska ta tara. A zuba bokitin ruwa a gani ko yana bin hanyarsa zuwa indararo. Indararon da ya karye ko ya gajarta a sauya shi, a kuma jera duwatsu inda ruwansa ke sauka. A kankare ƙasar rufi da ta yi yawa kafin a sa sabuwa. A tona kan azara biyu ko uku a soka musu wuƙa. Wadda ta ruɓe a tokare ta da itace mai ƙarfi kafin a sauya.

A buɗe wuriya, a gyara kwata, a cike gindin bango ya yi gangare zuwa waje. Dakalin da kakanni ke yi jikin zaure ba don zama kaɗai ba ne, kariya ce ga tushe, a mayar da shi inda ya zaizaye. A matsar da turke daga jikin bango. A buɗe ɗakunan da ke kulle su sha iska. Tsaga kuma da irin ƙasar da aka yi ginin ake cike ta, a jiƙa wurin tukuna, a sa kaɗan-kaɗan ana bari yana bushewa, sannan a bi da makuba.

Wanda ya riga ya yi siminti kada ya ɓamɓare shi gaba ɗaya a bakin damina, zai bar bango tsirara. A cire inda ya yi kogo da wanda ke gindin bango, a yaɓe da ƙasa, sauran a bari sai kaka. In kuwa dole sai kwano, a sa shi ya leƙo sosai ta kowane gefe, a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina.

Ga magada

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gidaje da yawa ba ruwa ne ya fara kashe su ba, jayayyar gado ce: ba a raba ba, ba a gyara ba, kowa na tsoron ya kashe kuɗinsa a kan abin da bai zama nasa ba. A zauna gaban dattijo ko limami, a rubuta abin da kowa ya bayar, a yi gyaran bana, maganar rabo ta biyo baya.

A yi hattara da dillalan da ke bin ƙauyuka suna taya tsohuwar azara da ƙyauren zaure da tsofaffin kayan gida. Giginya sai ta shekara gommai kafin ta isa tsagawa, ta kuma yi ƙaranci har a Nijar sai da izinin hukuma ake sara a dazuzzukanta na yankin Gaya. Azarar da kuka sayar da arha yau ba za ku mayar da irinta da wannan kuɗi ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Najeriya ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba izini.

Ko da an yanke shawarar gina sabon gida na bulo, ba wanda ya hana. A gina shi a gefe, a bar zaure da babban soro a tsaye. Kafin a taɓa komai a ɗauki hotuna ciki da waje, da bakan rufi da zanen bango, a kuma naɗi muryar dattawa suna faɗin wanda ya gina da zamanin da aka gina.

Ga masu iko

Hakimai da dagatai su sa masu unguwanni su zaga gida-gida su ƙidaya ɗakunan da ke da alama, su tanadi wurin da za a sauke iyalan da dole su fita. Ƙananan hukumomi da hukumomin agajin gaggawa na jihohi su kai taimako tun ɗaki na tsaye. Kuɗin azara da ladan magini bai kai na buhunan shinkafa da tabarmin da ake rabawa bayan jana'iza ba. Masu aikin titi a ƙauyuka su fitar wa ruwa hanya kafin su ɗaga hanya sama da gidajen mutane. Sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'inmu su tura ɗalibai su auna waɗannan gidaje su zana su, kamar yadda Baturen nan Dmochowski ya yi har aka samu gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Sauran gwanayen magina kuma a haɗa su da matasa masu koyo tun suna da ƙarfin hawa tsani.

Wanda wannan gargaɗi ya iso gare shi ya isar ga na gida. Limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, masu shela su zaga da shi ranar kasuwa. Kai da ke birni, kira gida yau ka tambayi wanda ya hau soro bana, in ba a hau ba ka aika da kuɗin magini kafin ƙarshen mako. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare rayuka da dukiyoyi.